Babi na Biyar: Jinya a Ƙasar da Babu Dangi

Ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka ɗauki Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa daga Abuja zuwa Jidda, aka kwantar da shi a asibitin ƙwararru na Sarki Faisal. Likitansa ya shaida wa 'yan jarida cewa tantanin da ya lulluɓe zuciyarsa ne ya kumbura. Daga nan sai labari ya ɗauke. Makonni suka shige babu hoto, babu murya, sai a ranar 12 ga Janairu, 2010 aka ji shi a BBC ta wayar tarho, yana magana a hankali, da muryar wanda ya jigata. Tawagogi sun tashi daga Najeriya sun je Jidda, sun dawo ba su sa shi a ido ba. Ranar 9 ga Fabrairu majalisa ta ɗora mataimakinsa a kan riƙon ƙasa, ranar 24 ga watan aka dawo da shi Abuja cikin dare, ya rasu ranar 5 ga Mayu, washegari aka yi masa sutura a maƙabartar Ɗanmarna a Katsina. An yi rubutu mai yawa a kan rikicin tsarin mulkin da wannan jinya ta haifar, har ta kai ga yi wa sashe na 145 gyara. Amma a cikin birnin Katsina, inda aka haife shi, inda ya yi gwamna shekara takwas, inda mahaifiyarsa take da rai a lokacin, abin da ya fi ci wa mutane rai ya fi wannan sauƙin faɗa: ɗan gari ya kwanta wata uku, babu wanda zai iya sa takalmi ya je ya ce masa sannu.

Wannan rashin shi nake so mu auna a babin nan, domin ana yawan ɗaukarsa a matsayin ƙorafin masu raunin zuciya, alhali yana cikin lissafin samun lafiya. Abin da asibitin ƙasar waje yake sayarwa shi ne gwaji, da tiyata, da magani, kuma sau da yawa yana yinsu da kyau fiye da yadda muke iyawa a gida. Murmurewa kuwa, wato doguwar tafiyar nan daga teburin tiyata zuwa ranar da mutum zai iya takawa masallaci da ƙafarsa, aikin mutane ne da suka san mara lafiya, kuma babu asibitin da yake sa ta a takardar kuɗinsa. Iyalin da suka haɗa kuɗin jirgi da na likita, suka bar mai jinya a gida don a rage kashe kuɗi, rabin magani suka saya, ko da kuwa a asibiti mafi tsada a duniya suka saye shi.

Duk wanda ya taɓa shiga Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da yamma ya san abin da mai jinya yake yi. Tabarmarsa tana naɗe a ƙarƙashin gado, ga buta, ga kwanon abinci da fulas ɗin ruwan zafi a gefen bango. Shi ke karɓar 'yar takardar da likita ya rubuta ya fita neman magani, shi ke zagaya dangi a waya idan an ce a kawo jini, shi ke lura ruwan da aka ɗaura ya kusa ƙarewa ya je ya kira nas. Shi ke juya mara lafiya don kada bayansa ya yi gyambo, ya kama shi zuwa bayi, ya miƙo masa dutsen taimama, ya gyara masa kwanciya ya fuskanci alƙibla. Idan an kawo tuwo ya ƙi ci, mai jinya ya san kunun tsamiya ne zai shiga, kuma ya san wace ce a gida take dama shi yadda yake so. Da safe idan likita ya zo zagaye ya ce ya jiki, mara lafiya zai ce da sauƙi, domin haka aka koya mana mu ce. Mai jinya ne zai sa baki ya ce, likita, bai yi barci ba, sau uku ya yi amai, kuma tun jiya da la'asar bai yi fitsari ba. A kan wannan bayanin ake sauya magani.

Mai karatu zai iya tsayar da ni a nan ya ce, ai duk abin da ka lissafa alamar lalacewar asibitocinmu ce. Da akwai isassun ma'aikata, da akwai magani a kantin asibiti da jini a ma'ajiya, da ba a buƙatar ɗan'uwa ya kwana a kan siminti. A Landan ko Jidda ko Delhi, nas ce take juya mara lafiya, asibiti ne yake ciyar da shi, na'ura ce take ƙara idan ruwa ya ƙare. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na so a fahimce ni a matsayin mai yabon talauci. Yawon neman jini da tsakar dare wulaƙanci ne, bai kamata ya zama aikin kowane ɗa ba. To amma a cire duk ayyukan da gazawar gwamnati ta ɗora wa mai jinya, a ga abin da ya rage. Nas ɗin da take aikin sa'a goma sha biyu ta tafi wata ta karɓa ba ta san yadda wannan dattijo yake ba kafin ya kwanta, don haka ba za ta gane cewa shirun da yake yi ba halinsa ba ne. Ba ta jin Hausa, shi kuma Turancinsa ko Larabcinsa, in ma yana da shi, zazzaɓi da maganin barci sukan tafi da shi. Ba ta san kunya za ta hana shi faɗin cewa ya ɓata shimfiɗa ba, ko cewa tsohuwar nan za ta gwammace ta riƙe fitsari yini guda da ta bari namiji ya kama ta. Ruɗewar da tsofaffi kan yi bayan tiyata, su daina gane wuri da lokaci, cuta ce da likitoci suka sani kuma suke tsoro, kuma wanda ya fi saurin ganinta shi ne wanda ya san mutumin tun yana lafiya.

Sannan kwanakin da ake yi a kan gadon asibitin waje kaɗan ne. Gado yana da tsada, ana sallamar mutum da zarar ya fita daga haɗari, amma ba a ba shi izinin hawa jirgi ba tukuna. Bayan babbar tiyatar ciki ko ta ƙirji akan ce a jira kamar kwana 10 ko fiye, wasu ayyukan kuma suna buƙatar a riƙa dawowa gwaji har makonni. A nan ne ainihin jinyar ƙasar waje take, a wani ɗakin haya ko ƙaramin otal kusa da asibiti, inda babu nas, babu ƙararrawar kira. Ɗauki dashen ƙoda, wanda yana cikin manyan dalilan da suke kai mutanenmu Indiya da Masar. Dokar Indiya tun 1994 ta hana cinikin sassan jiki, saboda haka mai ba da ƙodar galibi ɗan'uwa ne na jini ko mata ko miji, aka taso tare daga gida. Ranar aiki, su biyu ake yanka. Idan su biyun ne kawai suka yi tafiyar, to wanda aka zo da shi don ya tallafa shi ma yana kwance da ɗinki a kwiɓi. Wanda aka yi wa dashen kuma an sa shi a kan magungunan da suke danne garkuwar jiki don kada ta ƙi sabuwar ƙodar. Ana shansu a kan sa'a, ana auna yawansu a jini, ana auna ruwan da ya sha da fitsarin da ya yi, kuma ɗan zazzaɓin da mai lafiya zai sha Panadol ya manta, a wurinsa yana iya zama mafarin rasa ƙodar ko rasa rai. Wa zai tashi ƙarfe biyun dare ya taɓa goshinsa? Wa zai dafa abin da zai iya haɗiyewa, a garin da ƙamshin kayan yajin abincinsu kaɗai yana tayar masa da zuciya? Hukumomin Indiya da kansu sun san da wannan, shi ya sa suke da bizar rakiya ta musamman, wadda take ba mutum har biyu damar bin mara lafiya.

Masu bincike sun daɗe suna auna abin da kakanninmu suka sani ba tare da awo ba. A 2010 wata malamar jami'a a Amurka, Julianne Holt-Lunstad, da abokan aikinta suka tattara bincike 148 da suka shafi mutum sama da 300,000, waɗanda aka bi rayuwarsu tsawon shekaru. Suka samu cewa masu ƙaƙƙarfar alaƙa da mutane sun fi marasa ita yiwuwar kasancewa a raye da kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin binciken, bambancin da ya yi kusa da na mai shan taba da wanda ya daina. Tun kafin nan, a 1989, wani ƙaramin bincike a kan mazan da aka yi wa tiyatar zuciya ya nuna cewa waɗanda matansu suke yawan zuwa wurinsu a asibiti sun sha maganin kashe zafi kaɗan, kuma an sallame su da wuri. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tsoro da kaɗaici suna sa jiki ya riƙa fitar da sinadaran tashin hankali, waɗanda suke hana barci, suna rage ci, suna jinkirta warkewar rauni. Kuma wanda yake da mai tuna masa magani, mai matsa masa ya tashi ya taka, mai lura da canji da wuri, dole ya fi wanda ba shi da kowa.

Gaskiya ta wajabta a kawo abin da bai goyi bayan wannan ra'ayi gaba ɗaya ba. A 2019 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman 36 a Barazil. A wani lokaci aka bar dangi su zauna da mara lafiya har sa'a 12 a yini, a wani lokacin aka taƙaita ziyara kamar yadda aka saba, don a ga ko zaman dangi zai rage ruɗewar marasa lafiya. Bambancin da aka samu ƙarami ne ƙwarai, kashi 18.9 a kan 20.1, bai kai a kafa hujja da shi ba. Don haka bai dace mu ce ganin fuskar ɗan'uwa yana maganin komai ba. Amma gwajin ya nuna wasu abubuwa biyu: zaman dangin bai ƙara yawan kamuwa da cututtuka ba, kamar yadda ake tsoro, kuma su dangin sun fi samun natsuwa, damuwarsu ta ragu. Ga kuma wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Dubiyarmu ita ma tana da cutarwa. Mutum ashirin su cika ɗaki a kan wanda aka fito da shi daga tiyata jiya, kowa sai an amsa masa gaisuwa, wannan ya zo da saiwa a leda, wancan ya ba da labarin wanda ya mutu da irin cutar. Akwai manyan da idan suka ce sun tafi waje su huta, gudun wannan suke yi, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da nake karewa shi ne mutum ɗaya ko biyu da mara lafiya ya yarda da su, waɗanda za su iya rufe ƙofa su ce yana barci. Taron jama'a wani abu ne daban.

Katsinawa ba yau suka fara kwanciya a ƙasar wasu ba. Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya bar ƙasar Hausa zuwa Makka a farkon ƙarni na 18, ya yi aikin hajji, ya yi rubuce-rubuce a can, daga baya ya zauna a Alƙahira. A can ya rasu a 1741, nesa da duk wanda ya san shi yana yaro. Amma ba a kan titi ya rasu ba. A gidan malamin nan Hasan al-Jabarti ya ƙare kwanakinsa, ya bar masa littattafansa, kuma ɗan mai gidan, marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana mana labarinsa. Irin wannan ba dace ba ne kawai, tsari ne. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da alhazan ƙafa masu ratsa Chadi da Sudan, waɗanda tafiyarsu kan ci shekaru, sun san cewa wani zai kwanta a hanya, sai suka gina zango a kan wannan sani. A Salaga, a Kumasi, a unguwar Sabo ta Ibadan, a garuruwan Hausawan Sudan, baƙo yana sauka a hannun maigida. Maigida yana cin riba a cinikinsa, amma idan baƙo ya kwanta, gidan ne yake dama masa kunu, idan ya mutu gidan ne yake masa sutura ya aika wa danginsa saƙo da abin da ya bari. Sunansa da cinikinsa sun rataya a kan riƙon amanar nan, domin labari yana komawa gida tare da ayari na gaba.

Jirgin sama ya taƙaita tafiyar shekara zuwa ta yini, amma ya tsallake zango. Wanda ya maye gurbin maigida a yau shi ne dillalin asibiti, wanda yake turo takardar gayyata, ya taro mutum a filin jirgi, ya samo ɗaki da tafinta. A cikinsu akwai mutanen kirki. Sai dai ladansa yakan fito ne daga kuɗin da asibiti ya caji mara lafiya, saboda haka ribarsa tana ƙaruwa idan gwaji ya ƙaru, tana ƙarewa ranar da aka biya kuɗin ƙarshe. Babu wani ayari da zai kai labarinsa Ƙofar Soro a Katsina. Idan tafintan ma nasa ne, to mara lafiya yana jin likita ta bakin wanda yake da buƙata a cikin maganar, kuma yana sa hannu a takardar amincewa da aikin da bai fahimta ba. Inda ake samun sauƙi shi ne wuraren da ɗalibanmu suke, kamar Alƙahira da Madina da wasu biranen Indiya, inda yaran da aka tura karatu suka zama su ne masu kai abinci da tafinta da wankan gawa, ba tare da wani ya ɗora musu ba, ba tare da wani ya biya su ba. Ragowar zangon ke nan, kuma abin takaici ne cewa babu wata hukuma tamu da ta ɗauke shi da muhimmancin da ya kamata.

Za a ce ai yanzu akwai waya, mutum yana ganin matarsa da 'ya'yansa a WhatsApp safe da yamma. Alheri ne babba, kuma duk wanda ya tuna zamanin da alhaji yake aiko da kaset ya san haka. Amma waya tana da ƙofa, kuma wanda yake riƙe da ita shi ke zaɓar abin da zai wuce. Mara lafiya yana gyara hula, ya tattaro ƙarfinsa na minti uku, ya ce alhamdulillahi, jiki ya yi sauƙi, don kada hankalin tsohuwarsa ya tashi. Matarsa a Katsina ita ma tana ɓoye masa cewa kuɗin gonar da aka sayar sun ƙare, ƙaramin yaro kuma yana kwance. Kowa yana yi wa kowa ƙarya saboda ƙauna, kowa kuma yana zargin ana ɓoye masa wani abu, sai dare ya yi tsawo a ɓangarorin biyu. A zaure ba a iya wannan ɓoyon, domin mai dubiya yana ganin idon mutum da yadda hannunsa yake rawa, ya fita ya faɗa wa na waje, magana ta tsaya a kan abin da ido ya gani. Inda aka rasa shaidar ido, jita-jita ce take cike gurbin. Mun gani a 2017, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi kusan kwana 50 a Landan, ya dawo ranar 10 ga Maris yana cewa bai taɓa ciwo irin wannan ba, sannan ya koma a watan Mayu ya yi sama da kwana 100. Sau nawa aka kashe shi a baki? Har ta kai an ƙirƙiro cewa wani mutum daga Sudan ne aka sauya shi da shi, sai da ya fito a Poland a Disambar 2018 ya ƙaryata da bakinsa. Abin da ya faru da shugaban ƙasa a gaban duniya, yana faruwa da ɗan kasuwa a cikin danginsa, har a fara raɗe-raɗin gado mutum yana numfashi.

Akwai mai cewa wannan duk damuwar masu hali ce, talaka ina ya ga kuɗin jirgi. Wanda ya faɗi haka bai je Babbar Ruga ba. A wannan asibiti da ke bayan garin Katsina, wanda asalinsa na kutare ne, likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin yoyon fitsari a shekarun 1980, har wurin ya zama cibiyar ƙasa, aka yi wa dubban mata aiki. Da yawansu daga ƙauyuka masu nisa suke zuwa, wasu daga ƙetaren iyaka, daga ƙasar Maraɗi da gaba. A wurinsu Katsina ce ƙasar waje. Sun rasa jaririn, da yawa sun rasa mijin, wasu uwa ce kaɗai ta rako su, wasu ko ita babu. Bayan aiki ana barin robar fitsari a jiki har makonni, ana shan ruwa da yawa, ana jira a ga ko ɗinkin ya kama. Abin da yake riƙe su a wannan jira shi ne junansu: wadda ta warke tana nuna wa sabuwar zuwa yadda ake ɗaukar robar, tana yi mata kitso, tana gaya mata ni ma haka na zo. Waɗanda ba su da dangi a kusa sun ƙirƙiri dangi, domin jiki ba ya yarda ya warke shi kaɗai. Haka nan alhaji da ya tara kuɗin kujera shekara goma, zafin Makka ya kayar da shi. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu. Asibitocinsu suna duba alhazai kyauta, kuma da kyau, amma idan jigila ta ƙare jirgin ƙarshe ya tashi zuwa Katsina, wanda yake kwance a can ake barinsa, matarsa ko ɗan'uwansa da suka zo tare kuma biza ta tilasta musu tafiya. Ga 'yan ci-rani a Libiya da Aljeriya, ga waɗanda rufe iyakar Jibiya a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya raba su da asibiti ko da dangi. Jinya a baƙon wuri ta fi yawa a cikin talakawa, nasu ne dai ba ya shiga jarida.

Matsalar ta ƙara tsananta tun da darajar naira ta faɗi. Kafin Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai, farkon 2024 ta wuce 1,500. Iyalin da suka zauna a tsakar gida da biro da takarda ba za su iya rage kuɗin tiyata ba, ba za su iya rage tikitin mara lafiya ba, sai idonsu ya faɗa kan tikitin mai rakiya da kuɗin ɗakin zaman bayan sallama. Nan ake yanka, kuma nan ne bai kamata a yanka ba. Idan ma an samu kuɗin mutum ɗaya, wa ake zaɓa? Yawanci yaron da ya yi boko, domin shi zai iya cike takardu. Amma iya Turanci daban, iya jinya daban. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ba zai iya yi wa mahaifiyarsa wanka ba, ita ma ba za ta gaya masa abin da yake damunta a ƙasan cibiya ba. Ita kuma ƙanwarta da za ta iya, an bar ta a gida don ba ta jin Turanci. Sannan mai jinyar shi ma mutum ne. Wani bincike da aka buga a 1995 ya samu cewa raunin masu kula da 'yan'uwansu tsofaffi da suka ruɗe yana ɗaukar kimanin kwana 9 fiye da na sauran mutane kafin ya warke. A gida ana karɓa-karɓa, yau wannan gobe wancan. A ƙasar waje mutum ɗaya ne, wata biyu, ba mai karɓarsa ko na dare ɗaya.

Ban ce kada a fita ba. Akwai ayyukan da babu su a nan, akwai waɗanda layinsu ya fi ran mai jira tsawo, kuma zalunci ne a ce wa mai ciwon daji ya zauna ya mutu don kishin ƙasa. Abin da nake cewa shi ne a sauya tambayar da ake fara yi. Maimakon wane asibiti ne ya fi suna, a tambayi inda za a iya yin aikin da kyau kuma a iya jinyarsa har ƙarshe. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, tafiyar sa'a biyu zuwa uku daga Katsina, inda za a iya kai abinci da zafinsa, inda likitan da ya yi aikin shi zai ci gaba da ganin mutum shekara da shekaru. A 2025 an buɗe cibiyar kula da ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ko da asibitin waje ya ɗan fi su kayan aiki, dole a ɗora wannan fifikon a kan sikeli tare da abin da za a rasa, domin yawancin waɗanda dashensu ya lalace ba a ɗakin tiyata ya lalace ba, a watannin da suka biyo bayan aikin ne, lokacin da magani ya yanke ko aka rasa likitan da ya san tarihin aikin.

Nauyi mafi girma yana kan masu mulki. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa kaiwa ba a kasafin tarayya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a kai jami'in gwamnati waje da kuɗin jama'a sai da shawarar kwamitin likitoci da amincewar minista, amma jami'an gwamnatin da kansu sun sha faɗin cewa 'yan Najeriya suna kashe kimanin dala biliyan 1 a shekara a asibitocin waje. Jihar da ta ba ƙasar nan shugabanni biyu, ɗaya ya yi doguwar jinyarsa ta ƙarshe a Jidda, ɗayan, Buhari, ya rasu a wani asibitin Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, ta fi kowace jiha haƙƙin ta yi magana a kan wannan da babbar murya. Kuma akwai abin da ba ya jiran biliyoyi. Duk lokacin da gwamnatin jiha ko wani mai hali ya ɗauki nauyin fitar da mara lafiya, a sa kuɗin mai jinya da na makonnin bayan sallama a cikin lissafin tun farko. Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta bar wani mai jin Hausa a Makka da Madina har sai alhajin ƙarshe ya bar gadon asibiti. Asibitocinmu na koyarwa su buɗe sashen karɓar waɗanda suka dawo daga waje, a haɗa likitan can da na nan kafin mutum ya hau jirgi.

Kai kuma da za a kira ka taron dangi gobe a kan fitar da wani naka, kafin a fara maganar biza ka tambaya: wa zai bi shi, zai iya yi masa wanka, wa zai yi masa tafinta wanda ba yaron dillali ba, kuɗin zaman sati nawa aka ware bayan sallama, kuma wane likita ne a Katsina ya yarda zai karɓe shi idan ya dawo. Idan babu amsar waɗannan, ba a gama shirin tafiya ba, ko da tikiti yana hannu.